Injiniya da Doka ta Bakwai

A duk layin nan, daga shagon mai gyaran agogo har zuwa kantin magani da ke kan kwana, babu wanda ya kai Injiniya sanin na'ura. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ya tabbatar fiye da sau ɗaya. Gaskiya ne shekara talatin da ɗaya da ya yi yana aiki, a ɗakin ajiye fayiloli ya yi su, kuma na'ura mafi girma da ta taɓa shiga hannunsa a can ita ce abin huda takarda. Amma wannan bai rage shi da komai ba. Ranar da ya yi ritaya ya sayo sukudireba saiti guda da tabarau mai ƙara girman abu, irin wanda ake ɗaurawa a goshi, ya tara iyalinsa ya sanar da su sabon sunansa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, don haka babu makarantar da za ta iya ƙwacewa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu, ita ta fi kowa ganin wannan baiwa kusa da kusa, domin a kan teburin cin abincinta baiwar ta sauka. Teburin mai kujera shida ne. Shekara uku ke nan rabon da a ajiye faranti a kansa. Akwai wayoyi ja da baƙi, da kwalaben fenti, da ƙananan kusoshi cikin kofunan shayin da aka ba ta ranar da ta bar aiki. Na'urarta ta busar da gashi ta koma ta busar da gam. A bakin ɗakin ya manna takarda da manyan haruffa: ƊAKIN BINCIKE, A ƘWANƘWASA. Ɗakin ba shi da ƙofa, labule ne. Malama takan tsaya ta ce "ƙwan-ƙwan" da baki, sannan ta shiga.

Injiniya ne shugaban wata ƙungiya ta mutum tara da ke haɗuwa ran Asabar da yamma a ɗakin taro na saman kantin magani. Aikinsu ƙera mutum-mutumin taurarin fina-finan katun. Wasu na sa musu inji da batir su yi tafiya, wasu kuma na gina su da yumɓu da ƙyalle, su yi musu fenti su tsayar. Sau ɗaya a shekara sukan baje kolin abin da suka ƙera, jama'ar unguwa su zo kallo.

A bajekolin bara aka samu matsala. Ƙanin Malama, wani tela mai yawan dariya, ya kawo wata tsohuwar kunkuru mai tabarau da ya gina da yumɓu, ya ɗinka mata riga da ragowar yadi. Mutane suka yi cincirindo a teburinsa da ke bakin ƙofa, ana ta ɗaukar hoto. Shi kuwa karen ƙarfen Injiniya ya yi taku uku a kan tebur, na huɗun a ƙasa ya yi shi. Injiniya ya yi mako biyu yana nazarin abin da ya faru, ya gano cewa laifin tsarin tebura ne. A taro na gaba ya miƙe da takarda a hannu.

"'Yan uwa masana," in ji shi, "lokaci ya yi da za a bambanta injiniya da mai wasan yara. Abin da ke motsi, fasaha ce. Abin da ba ya motsi, ko da zinariya aka shafe shi, 'yar tsana ce."

Sannan ya karanta Doka ta Bakwai, wadda ya rubuta da hannunsa. Sashe na ɗaya: duk abin da bai motsa a gaban alƙali cikin minti uku ba, 'yar tsana ce. Sashe na biyu: 'yan tsana a teburin baya za su zauna, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Sashe na uku: babu mai riƙe shugabancin ƙungiya sai wanda aikinsa ke teburin gaba. Don kada a yi maguɗi, ya naɗa mai gyaran agogo ya riƙa duba lokaci.

"Yaya," in ji Tela, "ni ko a bayan ƙofa aka ajiye ni na gode. Amma wa ya taɓa ka ne?"

"Ba da kai nake ba," in ji Injiniya. "Da tarihi nake."

Aka ɗaga hannu, dokar ta wuce, saboda shayi ya fara hucewa.

Daga nan ya shiga aikin da ya kira aikin rayuwarsa. Ya zaɓi wani ɗan aike na wani katun da jikokinsa ke kallo, kore shar, kansa kamar butar shayi, kunnuwansa kamar cokula, yana rataye da jakar wasiƙu. A fim ɗin, ɗan aiken kan yi taku uku, ya rusuna, ya ɗaga hannun dama ya miƙa wasiƙa. Injiniya ya sa masa suna Masinja. Tsawonsa daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Wata goma sha ɗaya ya yi a kansa.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: Masinja ya yi aiki. Malama ta gani da idonta. Lokacin bayansa a buɗe yake, wayoyi na leƙowa, Injiniya ya danna rimot, sai ga ɗan abin nan ya taka sau uku tsakanin kofuna, ya rusuna mata, ya miƙo mata ambulan. Ta tafa har da gaske. Ta ga fuskar mijinta a ranar, irin fuskar da yaran ajinta kan yi idan lissafi ya fita daidai, ta yafe masa teburin na wata shekara a zuciyarta. Sau goma sha ɗaya aka gwada, sau goma sha ɗaya Masinja ya rusuna.

Saura abu ɗaya da ke hana Injiniya sukuni, wato 'yar ƙofar da ke bayan Masinja, inda ake saka batir. Masu wannan sana'a sun tsani layin haɗi, inda roba ta gamu da roba. Sukan cike shi da foti, ƙullun nan da masu gyaran jikin mota ke toshe rami da shi, su goge da samfefa har ya ɓace. Amma kowa yakan bar ƙofar batir. Injiniya ba kowa ba ne.

"Malama, kin taɓa ganin ƙofa a bayansa a fim?"

"Ban lura ba, Baban yara."

"Babu. To nawa ma ba za a gani ba."

Ya huda ɗan rami a tafin ƙafar hagu don sa caji, ya ce daga yanzu batir zai zauna a ciki har abada, kamar zuciya a ƙirji. Ran Talata da hantsi ya fara rufewa. Da yake mutum ne mai taka-tsantsan, ya san zafin na'urar busar da gashi na lalata batir, sai ya ciro shi kafin ya busar da gam ɗin da ke riƙe wayoyin ciki, ya kifa masa kofi don kada wani jahili ya taɓa. A daidai nan mai kantin magani ya leƙo don ya dawo da tsanin da ya ara, ya yi kuskuren cewa, "Ya aiki?"

Amsar ta ɗauki minti arba'in. Malama na jiyo ta daga kicin. Ta ji tarihin mutum-mutumi, ta ji kurakuran da manyan kamfanoni ke yi, ta ji "tsaya ka gani da idonka." Don baƙon ya koma gida da ilimi, Injiniya ya rufe bayan Masinja a gabansa, ya sa gam, ya shafa foti. Da yamma ya goge da samfefa kala uku, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ran Laraba da safe ya fesa fenti, ya sake fesawa har sau huɗu. Bayan Masinja ya fito sumul kamar ƙwai. Kwalbar fentin ta ce kada a motsa abin da aka fesa har kwana uku, in ba haka ba ya tsage a gaɓoɓi. Bajekoli ran Asabar ne. Lissafi ya fita daidai.

Ran Laraba da azahar Malama ta shiga neman kofinta. Ta ɗaga, ta ga wani abu shuɗi, girman akwatin ashana, da wayoyi biyu ja da baƙi. Mace ce da ta koya wa yara kunna ƙwan tocila da waya shekara da shekaru. Ta san batir idan ta gani. Ta dubi Masinja da ke tsaye a kan jarida yana sheƙi, ta dubi abin da ke hannunta.

"Ƙwan-ƙwan. Baban yara, wannan abin da ke ƙarƙashin kofi..."

"Malama, duk abin da ke kan teburin nan yana da dalili," in ji shi, bai ɗago ba. Yana yi wa jakar wasiƙu fenti da burushi mai gashi uku. "Mayar da shi inda kika gan shi."

Ta mayar. Ran Alhamis ta sake dawowa, ta same shi a gaban madubi yana gwada jawabi, hannu ɗaya a ƙirji. Ta jira ya kai wurin da zai numfasa. Bai numfasa ba sai a shafi na uku.

"Batir ne fa a ƙarƙashin kofin nan," ta ce. "Shuɗi. Ina tsoron na Masinja ne."

Ya yi murmushin da likitoci ke yi wa majinyacin da ya zo da sunan cutarsa daga gida. "Tsohon ne, na karen bara. Zubar da shi."

"Na karen bara ni na zubar da shi da hannuna, har da karen."

"Malama, ni na rufe bayan nan. Da shaida ma. Je ki tambayi mai kantin magani."

"To ka gwada shi mana sau ɗaya, hankalina ya kwanta."

"In tsaga fenti don hankalinki ya kwanta? Sau goma sha ɗaya aka gwada. Wanda bai yarda da aikinsa ba ne ke neman na goma sha biyu."

Ta kai masa batirin har gaban fuska. Ya rufe ido, domin yana haddace shafi na huɗu. Ran Juma'a ya sa wa Masinja caji ta tafin ƙafa tun safe har yamma, ya riƙa zagayawa yana cewa, "Sha, ɗana, sha ka ƙoshi." Malama ta naɗe batirin a hankici ta jefa a jakarta. Ta san Doka ta Bakwai sashe-sashe, don an karanta mata ita a kan shayi fiye da sau goma. Ta kuma san abin da kujerar shugabancin nan take a wurin mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba.

Ran Asabar ɗakin taro ya cika. Teburin gaba an shimfiɗa masa farin ƙyalle, Masinja na tsakiya a ƙarƙashin mayafi. Can baya, kusa da tagar da ba ta rufuwa, Tela da wasu mutum uku sun jera 'yan tsanarsu suna danne takardun suna da duwatsu saboda iska. Alƙalin bana wata likitar haƙori ce, mace mai ɗan magana. Mai gyaran agogo na gefenta da agogo a tafin hannu. A kan matakala Malama ta yi ƙoƙari na ƙarshe, ta ja hannun rigarsa. Ya ce, "Bayan jawabi," ya wuce.

Jawabin shafi shida ne. Ya gode wa kimiyya. Ya ce ba don kansa ya yi wannan aiki ba, don na baya ya yi. Ya yi wa teburin baya fatan alheri, ya ce kowane lambu na buƙatar furanni, amma ba furanni ke jan ruwa ba. Sannan ya yaye mayafi, ya juya wa jama'a bayan Masinja.

"Ku duba da kyau. Duk wanda ya nuna mini layi ɗaya a nan, ko tsaga, ko ƙofa, na sauka daga kujerata yau. Ko allura ba ta da wurin shiga."

Aka matso aka duba. Likita ta sa tabarau ta duba. Babu. Aka tafa, kuma tafin ya cancanta.

"Mai agogo," in ji Injiniya, "fara."

Ya danna rimot.

Masinja ya tsaya yadda yake, kore shar, yana kallon jama'a da fara'ar da aka zana masa.

Injiniya ya sake dannawa. Ya matso kusa ya danna. Ya ja da baya ya danna. Ya ɗaga rimot sama kamar mai neman layin waya. Sannan ya gano matsalar. "Jama'a, wayoyinku ne ke tare saƙo. Kowa ya kashe waya." Mutum sittin suka kashe waya. Ɗakin ya yi tsit har ana jin agogo.

"Minti ɗaya," in ji mai gyaran agogo.

"A rufe tagar can! Iska ce."

"Yaya, ai ba ta rufuwa," in ji Tela daga baya. "Kai ka zaɓa mana ita."

Likita ta ɗauki Masinja a hankali, ta auna shi a tafin hannunta. "Bai yi nauyi ba," ta ce. "A buɗe bayan a duba batir."

Kowa ya tuna abin da aka tafa wa ɗazu.

Malama ta ratso ta tsakanin kujeru ta tsaya a gefensa, ta juya wa jama'a baya yadda babu mai gani sai shi. Ta buɗe jaka, ta kwance bakin hankici. Injiniya ya leƙa. Wannan karon bai rufe ido ba. Ya daɗe yana kallon shuɗin abin nan mai wayoyi biyu.

"Minti biyu."

"Ga shi nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "In ka tsaga bayan, rabin minti ya isa."

Mai gyaran agogo, wanda kunnensa ya saba da ƙananan sauti, ya zaro 'yar wuƙarsa ta buɗe agogo ya ajiye a kan farin ƙyalle. Likita ta ce ita ma in ana so ta iya huda abu ba tare da ya ji zafi ba. Injiniya ya ɗauki wuƙar. Ya kwantar da Masinja rub-da-ciki. Ya ɗora tsinin a kan koren bayan nan, inda ya san ƙofar take a ƙarƙashin fenti huɗu da foti da samfefa kala uku. Kujerarsa na nan, tsaga ɗaya ce tsakaninsu. Malama ta zuba masa ido. Ta ga babban yatsansa na shafa wurin a hankali, yadda yake shafa kan jikarsa idan ta yi barci a cinyarsa.

Ya ajiye wuƙar.

"Uku," in ji mai gyaran agogo, kamar mai ba da haƙuri.

Injiniya ya gyara tsayuwa, ya gyara murya. "'Yan uwa masana, abin da kuka gani yanzu ba gazawa ba ce. Na yi ne don in nuna muku cewa doka ba ta san shugaba ba."

Wani ya tafa sau ɗaya ya daina. Injiniya ya rungumi Masinja, ya bi ta tsakiyar ɗaki zuwa baya, Malama na biye da shi da mayafi da rimot da jawabi shafi shida. Tela ya riga ya matsar da wata giwa mai hular kwano ya share wuri.

"Sannu da zuwa, Yaya. Zauna nan, iskar ta fi daɗi. Ga dutse, danne sunanka."

Kafin a tashi aka yi aiki da sashe na uku, mai gyaran agogo ya zama shugaba, saboda wani ɗan kwaɗonsa na gwangwani ya yi tsalle biyu. Sannan likita ta zagaya teburin baya da takardarta. Ta duba giwar Tela, ta duba sauran, ta dawo kan Masinja ta sake shafa bayansa. Ta ce a shekarunta na cike ramin haƙori ba ta taɓa ganin cikon da ya ɓace haka ba. Ta ba shi lamba ta ɗaya. Takardar yabon, wadda Injiniya da kansa ya tsara ya kai aka buga tun watan jiya, an rubuta mata da manyan haruffa: 'YAR TSANA MAFI KYAU.

Injiniya da Malama suka kama hanyar gida. A bakin ƙofa ya ce, "Kin lura ko a can ma babu wanda ya kamo ni?"

"Na lura, Baban yara."

Takardar na nan a falo cikin firam. Firam ɗin yana da faɗin baki sosai, shi ya zaɓo shi, kuma ya rufe kalmomi biyun farko daidai, saura MAFI KYAU. Ya fara rubuta wa sabon shugaba wasiƙa a kan wasu kurakurai da ya gano a Doka ta Bakwai, yana tambayar wane ne ma ya kawo ta. Teburin cin abinci kuwa har yanzu ba a ajiye faranti a kansa ba, don ya fara wani jirgin ruwa mai fuska.

Masinja yana kan kanta a bakin ƙofa, bayansa sumul. Malama ta gano cewa hannun damansa yana ɗaguwa idan aka ɗaga shi da yatsa, kuma yana tsayawa inda aka bar shi. Nan take rataye makullan gida. Wata biyar ke nan, ko sau ɗaya bai ƙi aiki ba.